Alƙalancin Ƙwallon Yara da Gwiwa Mai Jinya

Kalmar "alƙali" da muka aro daga Larabci ta mai zama ce, a kotu. Amma da Bahaushe ya kai ta filin ƙwallo sai ta zama ta mai gudu. A manyan wasanni alƙali kan yi gudun kilomita 10 ko fiye a cikin minti 90. To, yaya wanda ke jinyar gwiwa zai yi? Ina hura wa yara usur a unguwar Sabo ta Ibadan tun kafin in samu targaɗe, kuma na ci gaba bayan likita ya yarje mini in riƙa sassarfa.

Abin da ya sauƙaƙa lamarin yana cikin dokokin wasan 17 da hukumar IFAB ke kula da su. Sun ba hukumomin ƙasashe damar rage girman fili da tsawon lokaci idan wasan yara ne. Ƙaramin fili, ƙaramin aiki ga ƙafa.

Sai dai ba gudu miƙe ne ke wahalar da gwiwa ba. Tsayawa farat ɗaya, juyawa da sauri da gudu da baya su ne matsalar, su ne kuma abin da alƙali yake yawan yi. Maganin shi ne iya tsayuwa. Ana koya wa alƙalai bin fili a karkace, daga wannan kusurwa zuwa wadda ke fuskantarta a can ƙetare, ta yadda ƙwallo za ta kasance tsakaninsu da mataimaki mai tuta. A wasan unguwa sau da yawa babu mataimaki, don haka nakan gajarta layin, in tashi tun kafin a buga ƙwallo, ba bayan an buga ba. Yara ƙanana ma sun taimaka: duk inda ƙwallo take can suke dunƙulewa kamar ƙudan zuma, da wuya a yi dogon bugu.

Satar gida ce ke ba ni wahala, domin ganinta na bukatar mutum ya kusa yin daidai da ɗan baya. A nan iyayen da ke bakin fili suka fi ɗaga murya, cikin Hausa da Yarabanci duka.

A ganina iyaka ɗaya ce ba a ƙetarewa. Doka ta 5 ta ɗora wa alƙali tsayar da wasa idan ɗan wasa ya ji mummunan rauni. Yaro na iya faɗuwa a kan kansa, kuma daga nesa ba za ka bambance shi da mai wasan kwaikwayo ba. Ranar da na tashi gwiwa ta kumbura har ba zan iya isa wurinsa da sauri ba, nakan miƙa wa wani usur, ni kuma in riƙe agogo da littafin rubuta sunaye a bakin layi.