Sayen Fulat Ɗaya A Gidan Bene A Agege: Ƙasar Ta Wa Ce, Rufin Na Wa?

Akwai wata al'ada da mutanenmu na Arewa mazauna Ikko suka daɗe a kanta. Mutum ya zo da goro ko da shanu, ko kuwa ya zo neman aikin gadi, ya kama ɗaki ɗaya a Zango ko Isale Oja da niyyar ya yi shekara biyu ya koma, sai ga shi ya shekara talatin, ya aurar da 'ya'ya har ya ga jikoki, amma yana nan yana biyan haya. Abin da Allah ya hore masa kuwa yana can Kano ko Katsina ko Sakkwato, an zuba shi a ginin da ba ya kwana a ciki sai da Sallah.

Wannan ba abin zargi ba ne. Tun lokacin da jirgin ƙasa ya haɗa Ikko da Kano wajen 1912, fatake suka riƙa sauka Agege sayen goro, mafi yawansu wajen fatoma suke sauka, su gama ciniki su juya. Waɗanda suka zauna suka kafa Zango sun sami filaye sun gina, kuma jikokinsu na cikin gidajen har yau. Waɗanda suka zo daga baya sun tarar ƙasa ta yi tsada. Daɗin daɗawa, wanda ya ga rikicin Ketu na 1999, ko na Idi Araba na 2002, ba wanda zai ga laifinsa in ya ce shi ba zai binne dukiyarsa inda ba zai iya ɗaukarta ya gudu ba.

To, amma 'ya'yan da aka haifa a nan ba su da wani garin da ya wuce nan. Haya kuwa kullum gaba take yi. A 2011 Gwamnatin Jihar Legas ta yi dokar da ta hana mai gida karɓar fiye da kuɗin shekara ɗaya daga sabon ɗan haya, amma duk wanda ya nemi ɗaki a Agege ya san kuɗin dillali da na yarjejeniya da na lauya kan hau kan wannan. Shi ya sa yanzu mutane suka fara sauraron dillalai masu zuwa da wani irin ciniki: ba fili ba, ba gida sukutum ba, sai dai sashe ɗaya, watau abin da ake kira fulat, a cikin ƙaramin bene mai hawa biyu ko uku, mai sashe huɗu ko shida, a Dopemu ko Oko-Oba ko Orile Agege. Kuɗinsa bai kai na gida guda ba, kuma ga shi a gine, sai tarewa.

Cinikin ba shi da aibi a kan kansa. Sai dai ya kamata mai saye ya san abin da yake saya, domin ba irin gidan da muka sani ba ne. A wurinmu in an ce gida, to, ƙasa ce da katanga da zaure da rijiya, duk na mutum ɗaya. Wanda ya sayi sashe a hawa na biyu kuwa ba ya taka ƙasarsa ko da taku ɗaya. Daɓensa rufin wani ne, rufinsa daɓen wani ne. Matakala da ƙofar shiga da tankin ruwa da ramin masai duk na tarayya ne da mutanen da ba shi ya zaɓe su ba.

Malamanmu ba baƙin wannan magana ba ne. A fiƙihun Malikiyya an halatta mutum ya mallaki sama wani ya mallaki ƙasa, kuma a cikin Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda ake karantawa a zaurukanmu, an ɗora gyaran ɗakin ƙasa a kan mai shi, in ya ƙi a tilasta masa ya gyara ko ya sayar wa wanda zai gyara, don kada na sama ya cutu. Hukunci ne mai kyau ƙwarai. Amma fa kotunan Jihar Legas ba da Risala suke shari'a ba. Abin da alƙali zai tambaya shi ne takarda.

Maganar takarda kuwa daga 1978 take farawa. Ran 29 ga watan Maris na wannan shekara gwamnatin soja ta Janar Obasanjo ta kafa dokar amfani da ƙasa, wadda ta danƙa dukan ƙasar kowace jiha a hannun Gwamnanta ya riƙe amana. Tun daga ranar, abin da mutum yake da shi a birni izinin zama ne, wanda ake ba shi satifiket a kansa, galibi na shekara 99. Satifiket ɗin nan na fili ne, kuma fili ɗaya ne a ƙarƙashin benen, ko da sashe nawa aka yanka a samansa. Saboda haka in dillali ya ce da kai, “Alhaji, ai gidan da satifiket,” gaskiya ya faɗa, amma bai gaya maka sunan wa ke jiki ba. Ba naka ba ne. Abin da aka saba yi a nan Ikko shi ne mai satifiket ya rubuta maka yarjejeniyar da ta ba ka sashenka na tsawon shekarun da suka rage masa, a haɗa da zanen ginin da ya nuna wane sashe ne, a wane hawa, da rabonka cikin abubuwan tarayya.

Ita ma wannan yarjejeniya ba ta cika sai Gwamna ya sa hannun amincewa, an biya kuɗin hatimi, an yi mata rajista a ofishin filaye da ke Alausa. A nan ne mutanenmu suka fi yin sakaci, don abin yana cin kuɗi, yana cin lokaci, kuma mun saba da cinikin da shaidu biyu da fatiha sun isa. Ga abin da ya faru da wanda ya fi mu lauyoyi. A 1989 Kotun Ƙoli ta yanke shari'ar Bankin Savannah da wani mai suna Ajilo, a kan wani gida a nan Ikko da aka jinginar wa bankin ba tare da amincewar Gwamna ba. Kotu ta ce jinginar ba ta yi ba. In banki ya rasa madafa a kan wannan, ina ga mai sayar da goro da ke riƙe da rasidi ɗaya a aljihun babbar riga?

Sai kuma tambayar da ta fi kowace muhimmanci a Agege: shin wa ke sayarwa? Da yawa daga tsofaffin benayen unguwannin nan gidajen gado ne na Yarabawa. Mai gida ya mutu ya bar mata uku da 'ya'ya goma sha biyar. A al'adarsu ana iya raba gado bisa yawan ɗakunan mata, abin da suke kira idi-igi, ko bisa yawan 'ya'ya, watau ori-ojori. Muddin ba a raba ba, gidan na dangi ne gaba ɗaya, ko da kuwa wani ɗa ya shekara ashirin yana zaune a wani sashe yana karɓar hayarsa. Kotuna sun daɗe da tsai da magana a kan wannan. In wani daga cikin dangi ya sayar ba da shugaban gidan ba, cinikin banza ne tun daga tushe. In shugaban ne ya sayar da sunan dangi ba da yardar manyansu ba, suna iya zuwa kotu a warware. Don haka wanda ya ce maka, “Ai wannan sashen rabon ɗakinmu ne,” sai ya nuna takardar rabon, kuma shugaban gida da wakilin kowane ɗaki su sa hannu a gaban lauya. Lauyan kuma ya zama naka, kai ka ɗauko shi kai kake biyansa. Lauyan mai sayarwa aikin mai sayarwa yake yi.

Wani lokaci kuma dangin ba su ne suka gina ba. Sukan ba wani ɗan kwangila tsohon gida ya rushe ya tā da bene, ya ci moriyarsa na wasu shekaru da suka yi yarjejeniya a kai, sa'an nan ya mai da musu. Irin wannan mutum ba zai iya sayar maka da abin da ya wuce shekarunsa ba. Wanda bai tambaya ba sai ya zaci ya sayi gidan da 'ya'yansa za su gada, ashe doguwar haya ya biya a dunƙule.

Binciken da lauya zai yi a Alausa shi zai nuna ko an jinginar da filin ga banki. Safiyo kuma shi zai duba ko filin ya faɗa cikin wurin da gwamnati ta riga ta keɓe, ko ya matse hanyar jirgi ko babbar kwata ko wayar lantarki. Mutanen Agege ba sa bukatar a yi musu dogon bayani a kan wannan, don da idonsu suka ga gine-ginen da aka rushe domin gadar Pen Cinema, wadda aka buɗe a 2021, da kuma na gefen sabuwar hanyar jirgin Ikko zuwa Badun da aka buɗe a wannan shekarar. Dokar 1978 ta ba Gwamna ikon karɓe fili don amfanin jama'a, a biya diyyar ginin da ke kai. Ranar biya kuwa wanda sunansa ke cikin rajista shi ake fara nema.

Ginin kansa ma abin dubawa ne, ba fenti kaɗai ba. Benen Ita Faji da ya rufta a watan Maris na 2019 da yara 'yan makaranta a ciki, da mai hawa 21 na titin Gerrard a Ikoyi da ya zube ran 1 ga Nuwamba, 2021, sun isa ishara. A nemi ganin zanen da hukuma ta amince da shi. In zanen ya ce hawa biyu, ido kuma ya ga uku, to, na ukun ɗori ne a kan harsashin da ba a yi don shi ba. Kuɗin da za a ba injiniya ya zo ya duba ginshiƙai bai kai kuɗin rago ba. Kuma in da hali a je da damina, bayan an ɗauke ruwa, a ga inda ruwan yake kwanciya da inda bango yake tsatsa.

To, a ce takarda ta yi, gini ya yi. Saura zama, kuma a ganina nan ne mafi yawan ɓacin rai yake. Mai son ya gane abin da nake nufi ya zaga rukunin gidajen da Alhaji Lateef Jakande ya gina lokacin da yake Gwamna daga 1979 zuwa 1983, a Abesan da Amuwo-Odofin da Iponri da Oke-Afa da sauransu. Aiki ne da talaka ba zai manta da shi ba, domin dubban ma'aikata da 'yan kasuwa ta nan suka fara mallakar muhalli. Amma ka shiga yau, sai ka ga sashen mutum ciki tsaf kamar na amarya, matakala kuwa duhu, bututun masai yana zuba a jikin bango shekara da shekaru. Kowa ya san iyakar nasa, ba wanda ya ɗauki na tarayya nasa ne. A Faransa tun 1965 akwai dokar da ta wajabta wa masu irin wannan gida su zama ƙungiya, su naɗa mai kula, kowa ya biya gwargwadon rabonsa. A ƙaramin bene a Agege, abin da ba a rubuta a yarjejeniya ba sai dai a yi ta cacar baki a kansa.

Kwano ya yi yoyo, na sama ne kaɗai ruwa ke zuba wa, shin shi kaɗai zai gyara? Masai ya cika, na ƙasa ne ke shan wari, su wa za su biya motar kwasa? Injin rijiyar burtsatse ya ƙone, harajin gida da gwamnatin jiha ke aikowa kowace shekara ya zo da sunan tsohon mai gida, wa zai tara? In mutum ɗaya ya ƙi biya, me za a yi masa? Akwai kuma wanda ake mantawa da shi: wanda ya sayar muku ya riƙe wa kansa ikon ɗora wani hawa a saman rufin ko bai riƙe ba? Haka nan farfajiya, kada a wayi gari a ga ya jera shaguna a inda yara ke wasa. Duk waɗannan sai a rubuta su, a buɗe asusu ɗaya da kowa ke zuba wani abu kowane wata kamar adashi, tun kafin wani abu ya lalace.

Mu kuma muna da namu na musamman da lauya Bayarabe ba lalle ya tuna ba sai an gaya masa. Gidan Bahaushe a Ikko ba ya rabuwa da baƙi, yau ɗan'uwa ya zo asibiti, gobe yaran gari sun zo neman aiki. Akwai ragon layya da inda za a ɗaure shi da inda za a yanka. Akwai taron suna da na biki. Akwai iyalin da ba su saba haɗa matakala da maza baƙi ba. Wasu yarjejeniyoyin sukan hana kiwo, ko ajiye kaya a farfajiya, ko mai da sashe wurin sana'a, kuma wanda ya sa hannu bai karanta ba ya ɗaure kansa. Gara mutum ya je ya gaisa da maƙwabtan tun kafin ya biya, ya ji ko masu gida ne ko 'yan haya, ya kuma ji ta bakinsu a kan mai sayarwa. Sau da yawa matar da ke hawan ƙasa ta fi dillali sanin tarihin gidan.

Kuɗi kuwa kada a ba da su hannu da hannu, ko da a gaban mai unguwa ne. A biya ta banki, cikin asusun wanda sunansa ke kan takarda, a riƙe wani kaso sai an miƙa makulli da takardun asali. Kuma a ware kuɗin lauya da na safiyo da na amincewar Gwamna tun farko a cikin lissafi, don kada a gama biyan gida a ce na rajista sai an samu.

Abu na ƙarshe shi ne gado. Gidan ƙasa a Kano ana iya ja masa katanga a tsakiya, kowa ya fasa ƙofarsa. Sashe mai ɗaki uku a hawa na biyu ba ya yankuwa, sai dai magada su sayar su raba kuɗin, ko ɗaya ya biya sauran. Kafin su iya sayarwa kuwa sai sun karɓo takardar izinin kula da dukiyar mamaci daga ofishin gado na Babbar Kotun Legas, kuma ofishin zai nemi ganin takardun da marigayi ya bari. Saboda haka a yi kwafi biyu, ɗaya a nan ɗaya a gida Arewa, a kuma gaya wa uwargida da babban ɗa inda aka ajiye na asali da sunan lauyan da ya rubuta.