Kuɗin YouTube: Wa Ke Biya, Kuma Nawa Ke Isowa Aljihu?

Tambayar da matasa suka fi kawo mini a ɗan shagon kwamfutar da nake riƙe da shi a Kano ita ce: "Malam, wai da gaske ne YouTube na biyan mutum kuɗi?" Da gaske ne. Na ga waɗanda aka biya, na kuma taya wasu cike takardun karɓar kuɗin. Sai dai yawancin masu tambayar sun ɗauka kamfanin ne ke zaro kuɗi daga aljihunsa yana raba wa duk wanda ya ɗora bidiyo, kuma wannan gurguwar fahimta ce ke ja musu asarar data da lokaci.

Kuɗin na 'yan kasuwa ne masu son a ga hajarsu. Duk wanda gidansa ke bakin babban titi ya san yadda kamfanin sadarwa ko na sinadarin girki kan zo ya nemi izinin shafa wa bangon fenti da tallarsa, ya ba mai gida wani abu. Mai gidan da ke can cikin lungu ba a zuwa wajensa, ko da bangonsa ya fi sumul, domin idon masu wucewa ake saye. Haka abin yake a intanet. Bidiyonka shi ne bangon, masu kallo su ne masu wucewa, Google kuma, wanda shi ke da YouTube, dillali ne tsakaninka da mai haja.

Sana'ar ta kwana biyu. A 1994 aka fara manna allon talla a intanet, na kamfanin AT&T a mujallar HotWired ta Amurka. A 2003 Google ya fito da AdSense, tsarin da har gobe ta cikinsa ake biyan mutane. Ya sayi YouTube a 2006 kan dala biliyan 1.65, shekarar da ta biyo baya kuma aka fara raba kuɗin talla da masu ɗora bidiyo. Rabon a bayyane yake: a dogon bidiyo mai tasha na da kashi 55 cikin ɗari, kamfani na da 45. A gajerun bidiyon da ake kira Shorts kuwa, kashi 45 ne rabon masu tasha.

Mu a nan, abin ya shigo mana ne ta ƙofar fim. Tun daga fim ɗin Turmin Danya a 1990, harkar fim ɗin Hausa a kan kaset ta tsayu, daga baya ta koma faifan sidi. Wanda ya san Ƙofar Wambai da Bata a wancan zamanin ya san yadda dillalai ke ɗibar kaya zuwa Zariya da Sakkwato da Maraɗi da Damagaram. Da wayoyi masu katin ajiya suka cika gari, sai masu tura fim suka kafa tebur a kowace kwana, suna zuba wa mutum fina-finai da yawa a kan kuɗin da bai kai na faifai ɗaya ba, wanda ya zuba jarinsa kuma ko kwabo ba ya gani. Kasuwar faifai ta durƙushe, furodusoshi da yawa suka nemi wata sana'ar. Tashar Arewa24, wadda ta fara aiki a 2014, ta saba wa jama'a da shiri mai dogon zango irin su Daɗin Kowa, inda ake jiran ci gaban labari mako-mako. A 2020, shekarar da korona ta kulle mutane a gida, Izzar So na Lawan Ahmad ya fito a tashar Bakori TV ta YouTube, Labarina na Aminu Saira shi ma ya fito, sai kowa ya ga cewa ana iya ba da fim kyauta a ci riba ta wata hanyar. A ganina wannan sauyi ya ceci masana'antar. Ɓarawon fim ya rasa abin sata mai daraja, tunda mai fim da kansa ya ajiye shi inda kowa zai kalla.

Talla ce ma dalilin da ya sa shirye-shiryen ke da tsawo. Bidiyon da ya kai minti 8 ana iya tsarma masa talla a tsakiya, ba a farko kawai ba, don haka shirin awa ɗaya yana ɗaukar talla sau da dama.

Kafin a fara raba kuɗin talla da kai akwai sharuɗɗa. Sai tasharka ta tara mabiya 1,000, kuma an shafe awa 4,000 ana kallon bidiyoyinka cikin wata 12 da suka wuce, ko kuma an kalli gajerun bidiyoyinka sau miliyan 10 cikin kwana 90. An tsaurara sharaɗin ne a farkon 2018, bayan manyan kamfanoni sun janye tallarsu a 2017 saboda ganinta a jikin bidiyoyin masu tsattsauran ra'ayi. In ka cika, ma'aikata za su duba tashar su ga ko abin da ke ciki naka ne. Idan kuɗinka ya kai dala 10, za a aiko maka da lambar tantancewa a takarda ta gidan waya. A nan matasanmu da yawa ke maƙalewa, domin adireshin da suka rubuta shi ne "bayan masallacin Juma'a". Ina ba su shawara su nemi akwatin gidan waya ko adireshin wani ofis da suka amince da shi, su kuma tabbatar sunan da ke AdSense ya zo daidai da na katin shaida da na asusun banki. Ba a turo kuɗi sai sun kai dala 100, kuma tsakanin 21 da 26 ga wata ake turawa. In ba su kai ba, sai su jira wata na gaba.

Yanzu ga inda gizo ke saƙar. Talla ba ta da tsayayyen farashi, gwanjo ake yi. A duk lokacin da wani ya buɗe bidiyonka, kafin ƙiftawar ido kwamfutocin Google sun tara masu talla sun yi ciniki, wanda ya fi taya ya samu gurbin. Mai talla kuma tun farko ya faɗi irin mutumin da yake nema: ƙasarsa, shekarunsa, abin da yake sha'awa. Kamfanin inshora a Amurka zai taya da tsada don a nuna tallarsa ga wanda ke zaune a can, tunda yana sa ran ya zama abokin cinikinsa. Mai kallon da ke Dawanau ko Funtuwa kuwa, kamfanonin da ke rububinsa ba su da yawa, tayin da ake yi a kansa kaɗan ne, wani lokaci ma ba a samun tallar da za a nuna masa. Shi ya sa tashoshi biyu za su samu kallo daidai wa daida, amma kuɗinsu ya bambanta nesa ba kusa ba. Masu tashoshin Hausa sun san darajar 'yan'uwanmu mazauna Saudiyya da Ingila da Amurka a wannan lissafi. Abin da ake magana a kai ma yana da tasiri. Bayanin wayoyi da motoci da harkar kuɗi ya fi barkwanci jawo masu taya da tsoka. Lokaci ma haka: farashi kan tashi a ƙarshen shekara saboda sayayyar Kirsimeti, ya faɗi a Janairu.

Mu yi lissafi da misali. Mu ƙaddara rabonka rabin dala ne a kan kowane kallo dubu. Kafin ka haɗa dala 100 sai an kalle ka sau 200,000. Kallo miliyan guda, wanda ake yi wa murna, dala 500 ke nan. Sai ka cire hayar kyamara da gidan da aka yi ɗauka, sallamar jarumai, abinci, man janareta, da kuɗin mai tace hoto. Ga mai bayani shi kaɗai a ɗakinsa da wayarsa, wannan kuɗi ne mai auki, musamman tun da darajar naira ta zube daga kusan 460 kan dala a farashin gwamnati a farkon 2023 zuwa sama da 1,500 a 2024. Ga mai shirya fim da jama'a a bayansa, da ƙyar zai mayar da uwar kuɗi. Akwai kuma haraji. Tun 2021 Google ke cire wa gwamnatin Amurka haraji daga abin da aka samu ta hannun masu kallon can, kuma da yake babu yarjejeniyar haraji tsakanin Najeriya da Amurka, kashi 30 ake cirewa daga wannan ɓangaren. Wanda ya ƙi cike takardar harajin gaba ɗaya, ana iya yankar masa har kashi 24 na dukkan kuɗinsa. Facebook ma ya buɗe wa 'yan Najeriya da Ghana ƙofar samun kuɗin talla a 2024, kuma shi ma inda mai kallo yake ne ke yanke farashi.

Ƙarancin kuɗin ne ke tura wasu neman yanke. Akwai masu sayen mabiya na bogi, akwai masu haɗa zaure a WhatsApp ana danna wa juna talla. Kamfanin na gane dannawar da ba ta gaskiya ba, kuma hukuncinta rufe asusu ne. Wani yaro mai ƙwazo da nake taimaka wa ya cika tasharsa da fina-finan Indiya da aka fassara, ya tara mabiya fiye da yadda ake buƙata, amma da aka duba aka ƙi karɓarsa, domin babu abu ɗaya nasa a ciki. Wanda aka kama da laifin haƙƙin mallaka sau uku cikin kwana 90, tashar ce ke tafiya baki ɗaya.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne masu cinikin ƙarya. Za ka ga hoton jarumi ko malami an rubuta salatin rasuwa a kai, mutum na nan da ransa, iyalansa na amsa waya cikin firgici, duk don a samu a danna. Wanda ya yi haka ya ci haƙƙin bawan Allah a kan kuɗin da ba su taka kara sun karya ba, ya kuma koya wa jama'a su daina yarda da shi.

Yarda kuwa ita ce jarin gaske, domin babban kuɗin mai tashar Hausa a kusa da shi yake. Duba shirye-shiryen da suka daɗe suna fitowa, za ka ga tallar mai atamfa a Kantin Kwari, mai sayar da filaye, kamfanin jigilar masu Umara, makaranta, gidan abinci. Waɗannan kai-tsaye suke biyan mai shiri, babu dillali, babu jiran dala 100, kuma su masu kallon Kano da Katsina suke nema, waɗanda gwanjon Google ke yi wa tayin arha. Mai tashar da ke da mabiya kaɗan amma masu jin maganarsa zai iya samun abin da ya fi na AdSense daga 'yan kasuwa biyu ko uku na garinsu.

A nan nauyi ke hawa wuyansa. Tallar da Google ya saka, mai kallo ya san ba daga bakinka ta fito ba. Wadda ka karanta da muryarka kuwa, shaida ce ka bayar. Tallar maganin gargajiya ta cika shirye-shiryenmu, wani a ce yana warkar da ciwon suga da hawan jini da rashin haihuwa duk a kwalba ɗaya. Dattijuwar da ta ajiye maganin asibiti saboda ta ji jarumin da take ƙauna ya yaba wani garin magani, in ta kwanta, da hannunsa a ciki. Haka masu tallar zuba kuɗi a ninka maka cikin wata guda, alhali ba mu manta da kukan da aka sha ba lokacin da shirin zuba kuɗi na MMM ya rufe asusun mutane a Disambar 2016. Doka ma ba ta yi shiru ba: tallar magani sai da amincewar hukumar NAFDAC, kuma tun 2022 hukumar ARCON ke da hurumin tantance talla har da ta intanet.

Don haka, ɗan'uwa mai shirin buɗe tasha, zaɓi abin da ka iya da gaske, ɗinki ne ko gyaran waya ko kiwon kaji ko tarihin garinku, ka riƙa fitar da shi a kan lokaci, kada kuma ka saki sana'ar da ke ciyar da kai tun kafin tashar ta tsaya da ƙafarta. Ran da mai magani ya zo da kuɗinsa, nemi lambar rajistar NAFDAC ka duba ta. In babu, mayar masa da kuɗinsa.