Sikila: A Yi Gwaji Tun Ba a Kai Kuɗin Gaisuwa Ba

A Achika, kamar sauran garuruwan ƙasar Wudil, kowa ya san irin yaron nan: da hunturu ya kama sai kukan ciwon ƙashi, hannu da ƙafa su kumbura, ido ya yi ruwan ɗorawa. Wasu su ce mayu, wasu su ce iska, dangin miji kuwa su ɗora wa uwa laifi, wai jininta ne ba kyau. Sikila ce, kuma uba da uwa kowa ya ba da rabinsa.

A cikin ƙwayoyin jikin mutum akwai wani zare da masana ke kira DNA, silli biyu murɗe da juna kamar tufkar igiya, wanda aka gano siffarsa a 1953. Umarnin halittar jiki yana rubuce a kansa da haruffa huɗu kacal, an naɗe shi ƙunshi 46: 23 daga uba, 23 daga uwa. A ƙunshi na 11 ne umarnin haɗa wani sashe na sinadarin da ke ɗaukar iska cikin jini yake. Harafi ɗaya tak ya sauya a wurin, aka samu abin da ake kira S.

Wanda ya gaji S ta ɓangare guda shi ne AS. Garau yake, har ma zazzaɓin cizon sauro bai cika yi masa mugun kamu ba, dalilin da ya sa S ya yawaita a ƙasashenmu ke nan. Wanda ya gada ta ɓangare biyu shi ne SS, mai sikila. Ƙwayoyin jininsa kan lanƙwashe su toshe ƙananan jijiyoyi, kuma su mutu cikin kwana 10 zuwa 20 maimakon wajen 120.

Inda mutane suka fi ruɗewa shi ne lissafin "ɗaya cikin huɗu". Idan AS ya auri AS, ba wai cikin 'ya'ya huɗu ɗaya ne kawai zai kamu ba. Kowane ciki da nasa lissafin, ba ruwansa da na baya. Ana iya haifar biyar a tsira, ana iya jera uku masu sikila. Idan kuwa AS ya auri SS, lissafin rabi da rabi ne. Auren zumunci ba shi ke ƙirƙirar cutar ba, amma idan S na cikin dangi, ɗan wa da 'yar ƙani sun fi saurin haɗa shi.

A watan Mayun 2024 Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa hannu kan dokar da ta wajabta gwajin lafiya kafin aure a Jihar Kano. Doka ta yi, sai dai lokacin da muke zuwa gwajin ne matsala. An sa rana, an haɗa lefe, an raba goro, sannan a tafi asibiti ana saura mako guda. A nan wane waliyyi ne zai iya cewa a fasa? Shi ya sa wasu ke neman takardar bogi, su manta cewa jariri ba takarda yake gada ba.

A je Babban Asibitin Wudil ko wani amintaccen wuri tun ana matakin zance. A kuma bambanta: O, A ko B rukunin jini ne, ba shi ake nema ba, gwajin AS ko SS ake nema. Wanda aka yi wa ƙarin jini kwanan nan ya faɗa wa ma'aikacin, domin jinin wani na iya sa SS ya fito kamar AS, sai an jira kamar wata uku a maimaita.