Awon tsawo da rula

Yara, kakanninmu ba su jira zuwan rula ba kafin su auna abu. Jikinsu ne ma'auninsu. In mutum ya buɗe tafin hannunsa, daga kan babban yatsa zuwa kan yatsan tsakiya, wannan shi ne taƙi. Daga gwiwar hannu zuwa kan yatsu, kamu ke nan, da shi masaƙi yake auna saƙarsa. In kuwa aka ware hannuwa biyu iyakar warewa, an sami gaba. Har yau a ƙauyukanmu da gaba ake faɗin zurfin rijiya, da gaba kuma ake sayar da igiya ranar kasuwa.

Waɗannan ma'aunai suna da daɗi, don ba a mance su a gida. Amma suna da aibi ɗaya. A ce mahaifinku yana bukatar igiyar guga gaba 20. Wanda ya auna rijiyar dogon mutum ne, mai sayar da igiyar kuwa gajere. Gaban gajeren ya kasa na dogon da faɗin tafin hannu ɗaya kawai. Ƙaramin abu ne, ko? To, ku tara shi sau 20, za ku ga ya kai kusan gaba guda. An biya kuɗi, an koma gida, an zura guga, amma bai taɓa ruwa ba. Kuma ba wanda ya cuci wani, hannuwansu ne ba ɗaya ba.

Ku gwada yanzu. Kowa ya auna tsawon teburinsa da taƙi, sannan malam ma ya auna. Tebur bai ƙaru ba, bai ragu ba, amma amsar malam za ta fi taku ƙanƙanta.

Mutanen Faransa ma sun sha wannan wahala, don a da kusan kowane yanki na ƙasarsu da nasa ma'auni. Sai suka ce a nemo ma'auni daga jikin duniya kanta, ba daga jikin mutum ba. A shekarar 1792 wasu masana biyu, Delambre da Méchain, suka fara auna nisan da ke tsakanin garin Dunkerque na Faransa da Barselona ta ƙasar Sifen. Aikin ya ci musu shekara 6 da wani abu. Da wannan awo aka lissafa nisan da ke tsakanin ƙuryar arewa ta duniya da tsakiyarta, aka raba shi kashi miliyan 10. Kashi ɗaya shi aka kira metir. A 1799 aka ƙera sandar ƙarfe mai tsawon metir 1, aka adana ta a birnin Paris. Tun daga 1983 masana da gudun haske suke tabbatar da tsawon metir, amma tsawon nan dai shi ne wanda kuke gani a babbar rular katako da malam yake jan layi da ita a allo. Metir na Damagaram da na Yamai da na Tokiyo duka ɗaya ne.

Metir ya yi wa alli da alƙalami girma, don haka aka raba shi kashi 100. Kowane kashi sunansa santimetir, ana rubuta shi cm. Shi ma santimetir an raba shi kashi 10, kowane kashi milimetir ne, ana rubuta shi mm. Rular da ke cikin jakarku, wadda ake ce wa la règle da faransanci, yanki ce ta metir. Wata santimetir 20 gare ta, ita ce malam yake kira double décimètre, wata kuma 30.

Ku ɗauko ta ku dube ta da kyau. Akwai dogayen zane masu lamba: 0, 1, 2, 3. Tsakanin dogayen akwai gajeru, da wani matsakaici da ya raba santimetir biyu daidai.

Aikina ya sa nakan shiga azuzuwa da yawa. Wata rana a wani aji na ba yara uku guntun alli ɗaya, na ce su auna mini. Na farko ya ce santimetir 8. Ta biyu ta ce 6 da rabi. Ta uku ta ce 7. Aji ya kaure da gardama, kowa yana cewa rular wancan ce ba ta da kyau. Na karɓi rulolin na jera su, sai ga shi duka daidai suke.

Yaron farko ya aza bakin allin a kan lamba 1. Da na tambaye shi dalili, ya ce: «Malam, ai daga 1 ake fara ƙirga.» Gaskiyarsa in awaki yake ƙirgawa. Amma awo kamar tafiya ne. In kana tsaye a ƙofar gidanku ba ka ɗaga ƙafa ba, taki nawa ka yi? Ko ɗaya. Wannan wuri shi ne sifiri. Sai ka ɗaga ƙafa ka sauke, sannan ka ce 1. Lamba 1 ta rula tana nufin an riga an yi tafiyar santimetir guda. Wanda ya fara daga 1 ya ƙara wa allinsa santimetir ɗin da ba shi da shi.

Ta biyu kuwa ta aza allin a bakin rular. Ba ta lura ba cewa a rularta akwai ɗan fili kafin sifiri, wanda masu ƙera ta suka bari don in bakin ya goge kada awon ya ɓaci. Wannan fili ya cinye mata rabin santimetir. Wasu ma'aunai, kamar na tela, daga baki suke farawa, wasu kuwa a'a. Shi ya sa kafin ku auna kome, ku nemi sifiri tukuna. Ta uku haka ta yi, ta daidaita bakin allin da zanen sifiri, ta dubi inda ɗayan bakin ya tsaya: 7.

Akwai masu ƙirga zane da yatsa. Daga 0 zuwa 7 zane 8 ne, ku ƙirga ku gani. Amma ba zanen ake ƙirgawa ba, filin da ke tsakanin zane da zane shi ne santimetir. Ku dubi hannunku: yatsu 5 ne, amma tsakaninsu 4.

Wanda ya gane wannan, ko rularsa ta karye ba zai yi kuka ba. Na sha ganin yaro ya jefar da rula don wajen sifirin ya ɓalle, alhali kuwa kuɗin sabuwa ba kullum ake samunsu a gida ba. A ce guntun da ya rage daga 3 ya fara. Ka aza bakin allin a kan 3, ɗayan bakin ya tsaya a kan 10. Daga 3 zuwa 10 taki nawa ne? Ka ɗebe 3 daga 10, saura 7. Allin dai santimetir 7 ne. A ganina, yaron da ya iya awo da karyayyar rula ya fi mai sabuwa fahimtar abin da yake yi.

Sai ku kula da zaman rular. Ta kwanta jikin abin da ake aunawa, kada ta karkace, don karkatacciyar hanya ta fi miƙaƙƙiya tsawo. Ku danne ta da yatsun hannu ɗaya. Idonku kuma ya zo daidai bisa zanen, in kun leƙa daga gefe zai ruɗe ku.

Ba kullum abu yake tsayawa a kan dogon zane ba. In alƙalami ya wuce 12 da gajerun taki 4, sai ku ce santimetir 12 da milimetir 4, ku rubuta 12 cm 4 mm. Kada ku mance da rubuta cm. In kun rubuta 12 kaɗai, ba wanda ya san ko metir kuke nufi ko raƙuma.

Wasu ruloli, musamman waɗanda ake kawowa daga Nijeriya, lambobi iri biyu gare su. Gefen da lambobinsa suka yi nesa da juna na inci ne, awon Ingilishi. Inci 1 ya ɗara santimetir 2 da rabi kaɗan. Inci 36 su ne yadi, wanda masu atamfa suke awo da shi. Yadi bai kai metir ba, santimetir 91 ne da ɗan ɗori, shi ya sa turmin atamfa mai yadi 6 yake kusan metir 5 da rabi. A aji gefen santimetir muke bi. Haka kuma manyan gidajen da ke cikin kayenku ba santimetir ba ne, ko da yake sun yi kama. Kowane gida milimetir 8 ne. Ku auna gida 5 a jere, za ku sami santimetir 4.

Wataƙila wani ya ce: mene ne santimetir ɗaya har da za a dame mu? Waɗanda suka taɓa raka ƙanensu gidan likita sun ga ana naɗa wa yaro wani siririn ma'auni mai launi uku a damtse. Da shi ake gane tamowa ga yara daga wata 6 zuwa shekara 5. In kaurin damtsen ya kai 12 cm 5 mm, ma'aunin yana nuna tsanwa. In ya kasa 11 cm 5 mm, yana nuna ja, wato yaron yana cikin haɗari, sai a fara yi masa magani ba da jinkiri ba. Tsakaninsu akwai ruwan ɗorawa, faɗinsa santimetir ɗaya tak. In mai awo ya yi sakaci ya bar ma'aunin sako-sako, yaron da ke cikin ja zai iya fita daga ja a idonsa, a koma da shi gida ba a ba shi abin da yake bukata ba. A garuruwa da dama na ƙasarmu an koya wa iwaye mata yin wannan awo da kansu.

Yau in kun koma gida, ku nemi miƙaƙƙen karan hatsi ko guntun kwali. Ku aza rula a jikinsa, ku yi zanen sifiri, sannan ku yi zane a kowane santimetir har 20. Wanda ba shi da rula ya ari ta maƙwabcinsa kafin a tashi. Da wannan sabon ma'auni ku auna taƙinku, da na mahaifiyarku, da na babban mutumin gidan. Kafin kowane awo ku fara cinka tukuna, ku rubuta cinkenku a gefe ɗaya, abin da ma'auni ya nuna a ɗaya gefen. Gobe ku kawo wa malam.