Kafin ka zauna cin abincin rana a babban otal

A Gwallameji da ke Bauchi ba a wahalar neman abinci. Unguwar ɗalibai ce, ga Kwalejin Fasaha ta Tarayya da kowa ke kira Poli, ga harabar Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa ta Yelwa ba nisa. Mai masa na nan, mai shinkafa da wake na nan, kuma farashi a baki yake: ka tambaya, a faɗa maka, in kuɗinka bai kai ba ka ce a rage nama. Amma akwai ranar da mutum ke son canji, ko an kammala karatu, ko baƙo ya zo daga nesa. Sai a tari keke a nufi otal ɗin Zaranda da ke hanyar Jos, ko wani daga cikin manyan otal-otal na GRA. A nan mutane da yawa ke shan mamaki, kuma galibi kunyar tambaya ce ke jawo musu.

Kuɗin da ka gani a takardar jerin abinci ba lallai shi za ka biya ba. Duba ƙasan takardar, inda ake ƙananan rubutu. Akwai harajin VAT, wanda gwamnatin tarayya ta ɗaga daga kashi 5 zuwa kashi 7.5 cikin ɗari a Fabrairun 2020. Mai masa ba ta taɓa ambata maka shi ba, domin dokar da ta ɗaga shi ta yafe wa masu ƙaramin ciniki, wanda bai kai naira miliyan 25 a shekara ba. Otal da yawa kuma kan ɗora kuɗin hidima, sau da yawa kashi 10. A ce farantin shinkafa da kaza naira 10,000 ne. Kafin rasit ya iso ya kusa 12,000, ba a ma sa ruwan gora ba, wanda kuɗinsa kan ninka na shago. Wasu otal-otal kan haɗa komai a farashin tun farko. Ce wa ma'aikacin, “Malam, wannan kuɗin har da haraji?” Ba abin kunya ba ne, masu hali ma sun fi kowa yin wannan tambayar.

Ban ce cuta ake yi ba. Shinkafar dai irin wadda ake aunawa a kasuwar Muda Lawal ce, amma ba ita kaɗai kake saya ba. Sanyin da ya buge ka da shigarka, in ba wuta, janareta ne ke ba da shi, shi kuwa man dizal yake sha. Ga firjin da ba a kashewa, ga albashin kuku da masu hidima, ga wankin mayafin tebur. Kana biyan kuɗin kujerar da za ka yi awa biyu a kanta ba wanda ya ce ka tashi. Wanda yunwa kawai ta kawo shi ya yi asara. Mai maganar kasuwanci ko mai karrama baƙo ya ci ribar kuɗinsa.

Sai zancen lokaci. A manyan otal sau da yawa sai ka zaɓa ake ɗora girkin, don haka mai lacca ƙarfe biyu kada ya shiga ƙarfe ɗaya da rabi. In ranar an jera abinci kowa ya ɗiba da kansa, kuɗi ɗaya ne ko nawa ka ci, amma a nan za a cinye, ba a ƙunshewa. Ɗebi kaɗan ka dawo, ya fi ka tara tsibi ka bari. Wanda ka zaɓa a takarda aka girka maka kuwa naka ne, in ya ragu ka ce a zuba maka a roba.

Sunayen Turawa a takarda kada su ruɗe ka. Tambayi me aka sa a ciki, musamman miyar ƙasashen waje, domin a girkin Faransa da Italiya akan zuba giya a wasu. A ganina ma, gwada kukun da abin da harshenka ya sani. Mutumin Bauchi ba a yi masa wayo a masa da miyar taushe: daga loma ɗaya zai gane ko ƙullun ya tashi, ko kuwa ta safe ce aka ɗumama.