Harsashin ƙirar gida a Amurka: abin da maharba ke samu da abin da suke biya

A shekarar 1963 kamfanin Browning ya fito da bindiga mai cin harsashin .22-250, alhali babu masana'anta ko ɗaya da ke ƙera wannan harsashi. Duk wanda ya sayi bindigar, shi zai zauna ya ɗura abin da zai harba. Ciniki bai tsaya ba, domin tun shekarun 1930 maharban Amurka suke matse wuyan kwanson .250 Savage ya kama ƙaramin dalma mai tsananin gudu, suna harbin dila da ɓerayen daji da shi daga nesa. Sai a 1965 kamfanin Remington ya fara ƙera shi ya sa masa sunansa.

Irin wannan harsashi shi Amurkawa ke kira wildcat. Wani mutum ne ya zana shi a shagonsa, ba a sayar da shi a kanti, kuma ƙungiyar SAAMI, wadda tun 1926 take tsayar da awo da iyakar matsin kowane harsashi a ƙasar, ba ta san da zamansa ba. Masu yin sa sun fito ne daga cikin ɗimbin maharban da ke ɗura harsashi a gida: su tsince kwanson tagullar da suka harba, su gyara shi, su zuba albarushi, su dasa sabon dalma. Wasu daga cikinsu ba su tsaya nan ba, suka shiga sauya siffar kwanson kanta.

Babban abin da ya haifar da wannan al'ada shi ne giɓi. A farkon ƙarni na 20 ire-iren harsashin kanti ba su da yawa, ga kuma kwanson soja na .30-06 birjik, da araha. A 1920 maƙerin bindiga A. O. Niedner ya rage wuyansa ya samar da .25-06, bayan shekara biyu kuma aka faɗaɗa wuyan aka sami .35 Whelen na manyan namun daji. Shi .25-06 bai nuna ƙarfinsa sosai ba sai da albarushi mai ci a hankali ya wadata daga shekarun 1940. A wasu wuraren doka ce ta tura mutane. A jihar New South Wales ta Ostireliya an taƙaita mallakar bindiga mai cin harsashin soja bayan Yaƙin Duniya na Biyu, sai maharba suka riƙa sauya bututun tsofaffin bindigogin .303 zuwa .303/25, wanda dokar ba ta shafa ba.

Sai kuma gasa, kuma a nan ne ƙirar gida ta fi cin sunanta. A 1975 Louis Palmisano da Ferris Pindell suka sarrafa kwanson .220 Russian suka fito da 6mm PPC, gajere mai kauri. Har yau shi ke riƙe da kambu a gasar harbi daga kan tebur a tazarar yadi 100 da 200, inda kaurin gashi kan raba na ɗaya da na goma. Wanda ke wannan fage bai damu da wahala ba, saiti yake nema.

Ga maharbi na yau da kullum lissafin daban ne. Ɗauki tsarin maƙerin bindiga P. O. Ackley, wanda ya fi kowane shahara. Ana miƙar da jikin kwanso, a tsayar da kafaɗarsa a digiri 40, don ya ƙara ɗaukar albarushi. Galibi ba a samun wannan siffa sai an harba harsashin asali a cikin sabon ɗakin bindigar, matsin ya buɗa tagullar ta cika wurin. Ka ga kenan kowane kwanso sai ya ci dalma ɗaya, albarushi ɗaya da ɗan rabon rayuwar bututu kafin ya fara aikin da aka yi shi dominsa. Ribar kuwa, a .280 Ackley, ba ta wuce ƙarin gudu kusan ƙafa 100 a daƙiƙa ba, a kan harsashin da dama yake tafiya kusa da ƙafa 3,000. Barewar da aka harba ba za ta san bambanci ba. Amfanin da masu abin suka fi yabawa ma wani ne: kwanso mai tsayayyar kafaɗa ba ya yawan miƙewa, don haka ba a yawan datse shi, kuma yana daɗewa.

Kuɗi na fita ta ko'ina. Sai an biya maƙeri ya sassaƙa ɗakin harsashi da wuƙar da aka yi oda musamman, sai an sayi ƙarafan matse kwanso na musamman, a kuma jira watanni kafin su iso. In ƙirar ta tara albarushi mai yawa a bayan siririn dalma, wuta na cinye maƙogwaron bututu da wuri. Ranar sayarwa kuma sai a ga kamar rigar da tela ya ɗinka wa mutum ɗaya: ta zauna masa cif, amma a kasuwa kowa sai ya taya ta da arha. Mai tafiya farauta wata ƙasa yana da tasa damuwar. In jakar harsashinsa ta ɓata a filin jirgi, babu kantin da zai cece shi, kuma tambarin da ke gindin kwanson yakan nuna sunan harsashin asali, wanda bai dace da abin da ke rubuce a jikin bindiga da takardun izini ba. Ƙirar Ackley ce ke da ɗan sauƙi a nan, tunda tana karɓar harsashin kanti in buƙata ta kama.

Abin da ya fi nauyi a ganina shi ne matsi. Harsashin kanti an gwada shi a ɗakin bincike da na'urar awo. Na gida sau da yawa ba shi da wannan gata, maharbi na dogara ne da duba gindin kwanso ko jin ƙarfen kulle bindiga ya yi tauri, alamomin da kan bayyana bayan an riga an tsallake iyaka. Wani kaso na gudun da ake alfahari da shi daga nan yake fitowa, ba daga kyawun zane ba. Ga kuma maƙera biyu na iya kiran abinsu da suna ɗaya, awon bai zo daidai ba, sai ɗurin da ya zauna lafiya a bindigar wannan ya zama haɗari a ta wancan.

Su kamfanoni kuwa sun sami ɗakin gwaji kyauta. Duk ƙirar da ta yi farin jini, su ɗauka: .25-06 a 1969, 7mm-08 a 1980, .35 Whelen a ƙarshen shekarun 1980, .280 Ackley a 2008 ta hannun kamfanin Nosler, sannan .300 Blackout a 2011, wanda ya bi sawun .300 Whisper na J. D. Jones. Tun fitowar 6.5 Creedmoor a 2007 ma sun koma zana harsashin gasa da kansu, da tsayayyar kafaɗa da gurbin dogon dalma, wato dabarun da suka koya a wurin masu ƙirar gida. Giɓin da ya haifi al'adar ya kusa cikewa, shi ya sa ta tattara ta koma hannun 'yan gasa da masu son ƙere-ƙere don kansa. Ko 6mm Dasher, abin son masu harbin nesa a yau, kamfanoni irin su Peterson da Alpha sun fara sayar da kwansonsa a shirye, ba sai an ƙona albarushi wajen buɗa shi ba.