Biya Ka Riga Kowa Gani: Abin Da Ya Kamata Ka Sani Kafin Ka Tura Kuɗinka

Duk mai bibiyar littattafan Hausa a waya ya san wannan sanarwa: shafukan kyauta sun ƙare, daga nan littafin na kuɗi ne. Mai son ci gaba ya tura kuɗi ta asusun banki ko katin waya, ya aiko da shaidar biya, a saka shi a zauren WhatsApp ko Telegram. Wasu marubutan ma zaure biyu suke buɗewa, na kowa da kowa da kuma na VIP, inda wanda ya ƙara kuɗi yake riga saura karanta sabon shafi.

Wannan ciniki ba a wurinmu kaɗai ake yinsa ba. Dandalin Patreon, wanda Jack Conte da Sam Yam suka kafa a Amurka a 2013, yana bai wa mai fasaha damar nuna aikinsa ga masu biya tukuna, ya sa ranar da zai buɗe wa jama'a. YouTube na da irin wannan tsari ga tashoshin da ke da mambobi masu biyan kuɗin wata. A Webtoon, mai karanta labaran zane yana sayen sulallan manhajar don ya buɗe babin da sauran mutane za su samu kyauta nan gaba. Ciniki ne mai tsabta idan an yi shi bisa ƙa'ida, domin marubuciyar da ke raba dare tana bugun labari da babban yatsa tana sayen data, tana biyan kuɗin caji, kuma haƙƙinta ne ta ci guminta.

Sai dai akwai abin da mai saye ya kamata ya gane. Sayen littafi daban, sayen riga-gani daban. A na farko, aikin ka saya, kuma wanda bai biya ba ba zai samu ba. A na biyu, lokaci ka saya: kwanaki ko makonnin da za ka riga wasu, bayan nan kowa ya samu. Mafi yawan rigimar da ake yi tsakanin masu fasaha da masu bibiyarsu daga cakuɗa waɗannan biyun take tasowa, domin ba a faɗi ranar buɗewa ba tun farko. Wannan ita ce matsala ta farko.

Masu wasan kwamfuta na The Sims 4 sun ga wannan rigima ƙuru-ƙuru. Akwai dubban mutane da ke ƙirƙirar tufafi da salon gashi da kayan ɗaki da ake ƙarawa a cikin wasan. Wasunsu suka riƙa kulle kayan a Patreon da sunan riga-gani, amma ranar buɗewa ba ta zuwa. A watan Yulin 2022 kamfanin EA, mai wasan, ya fitar da ƙa'ida cewa irin waɗannan kayan dole su zama kyauta. Da masu ƙirƙira suka koka, sai ya yi ƙarin bayani cewa an yarda da riga-gani na wani lokaci madaidaici, bayansa kowa ya samu ba tare da biyan ko sisi ba. Amma bai yanke adadin kwanaki a ƙa'idar ba, don haka kowa ya ci gaba da auna madaidaicin da mudunsa. Darasin a fili yake: alkawarin da ba shi da rana ba ya ɗaure kowa.

Matsala ta biyu ita ce aikin da aka karɓi kuɗinsa aka watsar a tsakiya. Masu karatu da yawa sun taɓa biyan kuɗin littafin da ya tsaya cak ana tsakiyar rikici, marubucin ya yi shiru, zauren ya mutu. Wani lokaci rashin lafiya ne ko haihuwa ko lalacewar waya, wani lokaci kuma sabon littafi aka fara a wani zauren, ana karɓar sabon kuɗi. Dandalin Steam, wanda ya fara sayar da wasannin da ba a kammala ba tun 2013, ya daɗe yana fama da wannan. A 2025 ya fara liƙa gargaɗi a shafin irin wannan wasa idan masu shi sun daɗe ba su taɓa shi ba, domin mai saye ya sani kafin ya zaro kuɗi. A zauren WhatsApp babu wanda zai liƙa maka wannan gargaɗi.

Ta uku ita ce wadda ta fi ƙona ran masu rubutu, wato fitar da aiki. Mutum ɗaya zai biya, ya kwafe shafin cikin daƙiƙa, ya watsa a zaurukan da ba su biya ba. Kafin gari ya waye an haɗa littafin a takarda guda ana yawo da shi, wani ma ya karanta shi da murya ya ɗora a YouTube yana samun kuɗin talla. Shi ya sa kake ganin “ban yafe ba” da “Allah ya isa” a saman shafuka. Ga kuma 'yan damfara da ke buɗe zaure da sunan fitacciyar marubuciya, su sa lambar asusunsu, su kwashe kuɗin mutane su ɓace.

Ta huɗu ba a cika tunaninta ba: dandalin kansa yana iya rufewa. OkadaBooks, manhajar littattafai ta Najeriya da marubutan Hausa da dama suka yi amfani da ita, ta rufe a ƙarshen Nuwamban 2023 bayan shekara 10 tana aiki. Kamfanin Amazon, duk girmansa, ya rufe Kindle Vella, sashensa na labarai masu fitowa babi-babi, a farkon 2025. Abin da ka biya don karantawa a cikin manhaja yana nan ne muddin manhajar tana nan.

To me ya kamata dandalai su gyara? Na farko, duk aikin da aka sa wa sunan riga-gani dole a rubuta ranar buɗewarsa a inda mai saye zai gani kafin ya biya, kuma na'ura ce za ta buɗe shi idan ranar ta yi, ba sai mai shi ya tuna ko ya ga dama ba. Wanda yake son aikinsa ya zauna na kuɗi har abada, ya rubuta hakan ƙarara. Na biyu, kuɗin aikin da ba a gama ba ya riƙa isa hannun mai shi kashi-kashi, gwargwadon abin da ya fitar, idan ya tsaya a mayar wa masu saye ragowar. Na uku, a riƙa sa wa kwafin kowane mai saye wata alama ta daban, yadda idan ya fita za a san ta hannun wa ya fita. Na huɗu, a tantance asusun masu fasaha domin a toshe ƙofar masu sojan gona. Na biyar, a bayyana kason kowa. A watan Afrilun 2015 kamfanin Valve ya fara sayar da ƙarin kayan da 'yan wasa ke ƙirƙira wa wasan Skyrim, yana bai wa masu ƙirƙirar kashi 25 cikin 100 kacal. Hayaniyar da ta biyo baya ta sa ya janye tsarin cikin 'yan kwanaki, ya mayar wa mutane kuɗinsu. Masu gina manhajojin littattafai da finafinan Hausa suna da damar kauce wa waɗannan ramuka tun kafin su faɗa, su kuma tanadi hanyar biya da ta dace da mai karatu a Maraɗi ko Damagaram da ke riƙe da sefa, ba mai asusun naira kaɗai ba.

Kafin dandalai su gyara, kai mai karatu ka kare kanka. Tambayi abu uku kafin ka tura kuɗi: an gama rubuta littafin ko ana kan rubutawa? Za a buɗe shi kyauta daga baya, kuma yaushe? Idan ya tsaya, me za a yi da kuɗina? Ka karɓi lambar asusu daga shafin marubucin na ainihi, kada ka karɓa daga saƙon da aka yi ta turawa hannu zuwa hannu. Ka adana shaidar biya da hoton sanarwar da aka yi alkawari a ciki. Kada ka bai wa kowa lambar sirrin katinka ko lambar da banki ya turo maka da sunan rajistar zaure. Idan biyan wata-wata ne a manhaja, ka duba ko yana sabunta kansa, domin zai ci gaba da cirar kuɗi ko ka daina kallo.

Ka kuma sani cewa tura littafin kuɗi ga wanda bai biya ba cin haƙƙi ne, ko da ba ka karɓi ko kwabo ba. Dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022, wadda aka sa wa hannu a watan Maris na 2023, ta shafi ayyukan da ke intanet, ta kuma bai wa mai aiki damar neman dandali ya sauke abin da aka ɗora ba da izininsa ba. Marubuci na iya kai kuka ga Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta Najeriya, mai saye da aka yaudara kuma yana da hukumar FCCPC mai kare masu sayen kaya.

Ku kuma marubuta da masu shirya finafinai masu dogon zango, ku rubuta sharuɗɗanku a shafin farko: farashi, ranakun fitowa, ranar buɗewa ga kowa idan akwai, da abin da za ku yi idan uzuri ya tsayar da ku. Idan uzurin ya zo, ku faɗa da wuri. Mai karatun da aka gaya wa gaskiya yakan yi haƙuri ya jira, ya kuma sayi littafi na gaba. Wanda aka bari cikin duhu, shi ne gobe zai ce gara ya jira na sata.